Tarihin gishirin amai

A wannan karo za mu ba ku labarin wani gishiri. Ba gishirin miya ba ne, ba kuma kanwa ba. Fari ne tas, ba shi da wari, yana narkewa cikin ruwa kamar sukari. In aka zuba shi a faranti kusa da gishirin Bilma da aka daka, ido ba ya raba su. Amma abin da bai kai giram 1 ba na wannan gishiri ya taɓa kashe babban mutum.

Faransawa suna ce masa emetik, ma'anarsa abin da ke sa amai. Mu za mu kira shi gishirin amai. Shekara fiye da 300 likitoci suna ba mutane shi. Ya ceci mutane da yawa, ya kuma kashe wasu da yawa. Yau an daina ba mutum shi, amma yana nan cikin kwalabe a ɗakunan awo, inda ake auna ƙasar gona da ruwan sha.

Daga ina ya fito

Abu biyu ake haɗawa a same shi.

Na farko wani tsami ne. Kowa ya san tsamin tsamiya, wanda ke ɗaure baki in an sha kunu. To, wannan tsami yana cikin inabi kuma. A ƙasashen Turai, in an ajiye giyar inabi cikin gangunan katako ta daɗe, sai wani ɓawo ya daskare a jikin gangar daga ciki. Su kan kankare shi, su wanke, su daka. Sunansa tartar. Shi kaɗai ba guba ba ne, har yau ana sa shi cikin garin da ke sa waina da burodi su tashi.

Na biyu wani ƙarfe ne mai suna antimoni. Dutsen da ake fid da shi baƙi ne mai ƙyalli, yana kama da tozali ƙwarai. Shi ya sa littattafai da yawa suke cewa tozali antimoni ne. Amma da masana suka auna tozalin da ake sayarwa a kasuwannin Afirka da ƙasashen Larabawa, sun tarar yawancinsa dutsen darma ne. Ita ma darma guba ce, musamman ga jarirai. Wannan wata magana ce ta daban, amma uwaye mata su riƙe ta.

In an dafa tokar antimoni tare da tartar cikin ruwa, aka bar ruwan ya huce, sai gishirin amai ya fito ƙwaya ƙwaya. Wani likita Bajamushe, Adrian von Mynsicht, shi ya rubuta yadda ake yin sa a shekarar 1631.

Kofin amai da ƙwayar gado

Likitocin wancan zamani sun yi imani cewa ciwo wani mugun ruwa ne da ya taru cikin jiki. In ana son lafiya, sai a fid da shi. A tsaga a zubar da jini, ko a sa gudawa, ko a sa amai. Mu ma mun san irin wannan tunani, don har yanzu akwai mai cewa in magani bai wanke ciki ba, bai yi aiki ba.

Saboda haka suka so antimoni sosai. Har kofi suka riƙa ƙerawa da shi. Da dare a zuba giya a ciki, a bar ta ta kwana. Tsamin giyar ya ci jikin kofin kaɗan, gishirin amai ya haɗu da kansa a ciki. Da safe a ba maras lafiya ya sha, ya yi ta amai. Matsalar ita ce ba wanda ya san yawan gubar da ta shiga. In giyar tana da tsami da yawa, ko ta daɗe cikin kofin, sai ta ɗauko fiye da kima. Wani ya sha ya tashi, wani ya sha daga kofi ɗaya ya mutu.

Akwai kuma wata ƴar ƙwaya ta antimoni zalla. Mutum ya haɗiye ta, ta murɗa masa ciki, ta fita tare da bayan gida. Sai a tone a ɗauko ta, a wanke, a ajiye don wani. Ƙwaya ɗaya ta ishi gida guda, har a bar wa ƴaƴa gado. Kada ku yi dariya da yawa, mutanen nan neman lafiya suke yi da abin da suka sani.

Gardamar shekara 100 a Faransa

Tun kafin a san gishirin kansa, manyan likitocin birnin Pari sun ce antimoni guba ne. A shekarar 1566 aka hana yin magani da shi. Wasu likitoci, musamman na garin Mompeliye da ke kudu, suka ƙi yarda. Aka yi ta rubuce-rubuce, ana zagin juna. Wani babban likitan Pari mai suna Guy Patin ya riƙa tara sunayen mutanen da ya ce antimoni ne ya kashe su.

Abin da ya raba gardamar ba bincike ba ne, ciwon sarki ne. A shekarar 1658 sarki Luwi na 14 yana saurayi ɗan shekara 19. Ya tafi yaƙi arewacin ƙasar, zazzaɓi mai tsanani ya kama shi, aka kwantar da shi a garin Kale. An yi masa duk abin da aka sani, ciwon bai sauka ba. Fadawa har sun fara maganar wanda zai gaje shi. Da aka rasa dabara, sai aka ba shi giyar amai. Ya yi amai, ya yi gudawa, bayan ƴan kwanaki ya samu sauƙi.

Maganin ne ya warkar da shi? Da wuya. Masana na yau suna ganin zazzaɓin taifot ne, kuma saurayi mai ƙarfi yana iya tashi daga shi da kansa. Amma sarki ya sha, sarki ya tashi, wa zai ƙara cewa guba ce? A shekarar 1666 aka janye hanin.

Daga nan gishirin amai ya shiga kowane kantin magani a Turai. Ana ba da shi don zazzaɓi, don tari, don ciwon huhu, har ga yara ƙanana. Da ya zama abin da kowa ke iya saye, sai miyagu suka gane amfaninsa. In ana zuba wa mutum kaɗan kaɗan cikin abinci, zai riƙa amai da gudawa yana ramewa, kowa ya ɗauka ciwon ciki ne. A garin Gilasgo an rataye wani likita, Edward Pritchard, a 1865, saboda ya kashe matarsa da surukarsa. A Landan an rataye George Chapman a 1903, ya kashe mata 3 ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya tona su shi ne antimoni ba ya ɓacewa daga gawa. Ko an binne, in an tono an auna, ana samun sa.

Wasu kuma ba mugunta ta kashe su ba, kuskure ne. Sunan gishirin amai da sunan garin tartar na burodi sun yi kusa da juna, kamanninsu ɗaya. Mai kanti ya miƙa wannan maimakon wancan, gida ya sha.

Lokacin da ya zama magani na gaskiya

Da aka shiga shekarun 1900, likitoci sun riga sun san cewa ƙananan halittu da ido ba ya gani su ke kawo cututtuka da yawa. Sai suka fara neman gubar da za ta kashe ƙwayar cuta kafin ta kashe mutum. Suka tuna da tsohon gishirin nan.

A 1908 wasu masana a Ingila suka nuna yana kashe ƙwayar ciwon barci a jikin ɓeraye. Aka fara yi wa mutane allurarsa a Kwango. Likitocin dabbobi ma suka ɗauka, suka yi shekaru suna yi wa shanu ita saboda sammore, ciwon da ƙudan tsando ke kawowa. A 1912 wani likitan Birazil, Gaspar Vianna, ya warkar da wani mugun gyambo da shi. A 1915 aka gwada shi a Italiya da Indiya kan ciwon kala-azar, mai kumbura saifa, wanda a da kusan duk wanda ya kama sai kabari. Mutane suka fara tashi.

Amma babban labarinsa, wanda ya shafe mu kai tsaye, shi ne na tsagiya.

Tsagiya

Tsagiya, wasu su ce tsargiya, ita ce fitsarin jini. Ba baƙuwa ba ce gare mu. Duk garin da ke da tabki, ko gulbi, ko hanyar ruwan noman rani, ya san ta. Ta yi yawa ga yara maza har wasu suna cewa alamar balaga ce. Ba balaga ba ce, tsutsa ce.

Tsohuwar cuta ce ƙwarai. A 1910 wani masani ya samu ƙwanta cikin ƙodar gawarwakin Masar da aka busar tun shekara wajen 3000. Wanda ya fara ganin tsutsar da idonsa wani saurayin likita ne Bajamushe, Theodor Bilharz, a asibitin Alƙahira, a 1851. Daga sunansa aka samu sunan da malaman asibiti ke kiran ta, bilarziyoz. Sai a 1915 wani mai suna Robert Leiper ya gano hanyar da take bi a Masar.

Ga hanyar. Mai tsagiya ya yi fitsari cikin ruwa. Ƙwan tsutsar ya faɗa ciki ya ƙyanƙyashe. Abin da ya fito ya nemi ƴar katantanwar ruwa ya shige jikinta. A can ya hayayyafa, ɗaya ta zama dubbai. Su fito su bazu cikin ruwa. Yaro ya shiga wanka, ko mace ta shiga wanki, ko manomi ya shiga dashen shinkafa, sai su huda fata su shiga ba a ji ba. Su girma cikin jijiyoyin jini na kusa da mafitsara, su yi ta ƙwai shekara da shekaru. Ƙwan ne ke yanka mafitsara, jini ya fito. In an bar ta, tana lalata ƙoda, tana hana mace haihuwa, tana iya kawo ciwon daji na mafitsara.

An san tsutsar, an san hanyarta, amma babu magani.

A birnin Kartum na Sudan akwai wani likitan Ingila, John Christopherson, shugaban asibitin garin. Yana yi wa masu kala-azar allurar gishirin amai. A 1917 ya fara gwada ta ga masu tsagiya. Yana farawa da kaɗan, yana ƙarawa sannu sannu, ta jijiya, har makonni. Sai jinin ya tsaya. Ya duba fitsarin da madubin likita, ya ga ƙwan ya mutu, ba ya ƙyanƙyashewa. Ya buga labarin a 1918. Wannan shi ne maganin tsagiya na farko da ya yi aiki.

Ya zo a kan kari. A 1925 aka gama madatsar ruwa ta Sannar, aka buɗe manyan gonakin auduga na Jazira. Hanyoyin ruwa suka yawaita, katantanwa ta samu gida. Cikin masu aikin gonakin nan akwai Hausawa da yawa, masu tafiya Makka a ƙasa, waɗanda ke tsayawa su yi ƙodago su tara guzuri. Wasu ba su ƙara gaba ba, jikokinsu suna Sudan har yau.

Allurar tana da wuya. Da an tura ta mutum ya kama tari kamar zai shiƙe. Ga amai, ga ciwon gaɓoɓi, ga jiri. In ruwan ya kuskure jijiya ya shiga nama, wurin ya ruɓe. Mafi muni, tana taɓa zuciya. Akwai waɗanda suka faɗi suka mutu nan take bayan allura. Kuma ba sau ɗaya ake yi ba, sai an zo sau 12 ko fiye. Manomi da damina ina zai samu wannan lokaci? Da yawa sun fara, da jinin ya tsaya suka daina zuwa.

Abin da ya samu Masar

Tsagiya ta dami Masar ƙwarai a wancan lokaci, don rayuwarsu duka a bakin kogin Nilu take. Gwamnati ta ɗaura niyyar yaƙi da ita. Daga shekarun 1950 har zuwa farkon shekarun 1980, malaman lafiya suka bi ƙauyuka suna yi wa jama'a allurar gishirin amai. Tsakanin 1964 da 1982, kowace shekara ana yin allura fiye da miliyan 2, ga mutum wajen 250,000.

Mutane suna layi, kayan aiki kaɗan ne. Sirinjin gilashi ne, ana maimaita shi. A 1964 wani masani da Hukumar Lafiya ta Duniya ta aika ya tsaya ya ƙirga. Likita ɗaya ya yi wa mutum 504 allura cikin minti 50. Ku lissafa, mutum 10 ke nan kowane minti. Sirinjin da aka cire daga hannun wannan, a ɗauraye, a tsoma cikin ruwan zafi minti 1 ko 2, ya koma hannun wani.

Ba wanda ya san cewa akwai wata ƙwayar cuta da ke bin jini tana tsallakawa daga hannu zuwa hannu. Ita ce ciwon hanta na C. Ba a gano ta ba sai 1989. Ba ta nuna kanta da wuri. Mutum yana iya ɗauke da ita shekara 20 ko 30 yana noma lafiya lau, sannan hanta ta ƙeƙashe, ciki ya kumbura. A shekarar 2000 masana suka nuna cewa yankunan da aka fi yin allurar su ne suka fi ciwon hanta, kuma ya fi yawa ga waɗanda suke raye lokacin kamfen ɗin. Ƙidayar da aka yi a 2008 ta nuna cikin manyan mutane 10 na Masar, 1 yana ɗauke da ƙwayar cikin jininsa. A lokacin ba wata ƙasa a duniya da ta kai haka.

A ganinmu laifin ba na gishirin ba ne kaɗai, kuma ba mugunta ba ce ta malaman. Gaggawa ce da ƙarancin kaya. Amma wanda ya mutu da ciwon hanta, niyyar kirki ba ta mayar da shi ba. Shi ya sa duk mai yawo da jaka a kasuwa yana yi wa mutane allura da sirinji ɗaya, ku guje shi, ko da maganin da ke ciki mai kyau ne.

Masar ta biya bashin da tsada. Daga 2014 aka samu sababbin ƙwayoyi masu warkar da ciwon hanta na C cikin wata 3. A 2018 gwamnati ta fara auna jinin jama'a kyauta, aka auna mutum wajen miliyan 50 cikin ƴan watanni. A watan Oktoba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa Masar ce ƙasa ta farko da ta kai matakin zinariya a hanyar kawar da ciwon.

Ita kuwa allurar gishirin amai, abin da ya kore ta wata ƙwaya ce mai suna firazikantel. Kamfanonin Bayer da Merck na Jamus suka samo ta cikin shekarun 1970. Ana haɗiya sau ɗaya, a rana ɗaya. Ita ce ake raba wa yara a makarantu da ƙauyuka. A Nijar an fara babban rabon a 2004. In kun ga malamin lafiya ya tsayar da yaro jikin sanda mai zane, tsayinsa yake aunawa don ya san ƙwaya nawa zai ba shi. A ba yaro abinci kafin ya sha, don tana murɗa ciki in babu kome a ciki.

Inda yake a yau

Gishirin amai ya bar asibiti, ya koma ɗakin awo. Manoma sun san ƙasarmu ta rairayi tana da ƙarancin fosfat, abincin shuka wanda ke sa saiwa ta kama, irin wanda ake haƙa a jahar Tawa. In malaman gona suna son sanin yawan fosfat da ke cikin ƙasar wata gona, sai su ɗebi ƙasar su kai awo. A can a jiƙa ta, a tace, a zuba wani haɗin ruwa. In akwai fosfat, ruwan ya koma shuɗi kamar an sa baba. Yawan shuɗin shi ne yawan fosfat. Cikin haɗin nan akwai ɗan gishirin amai, shi ke sa launin ya fito da sauri. Wasu masana biyu, Murphy da Riley, suka tsara wannan hanya a 1962, kuma da ita ake auna ruwan kogi da na tabki.

Ba masu digiri kaɗai ke shiga waɗannan ɗakuna ba. Akwai mai shara, akwai mai wanke kwalabe, akwai mai gadi, yawancinsu ƴan ƙauye ne kamarmu. Su ne suka fi kusa da haɗari, don sau da yawa ba a gaya musu abin da ke cikin kwalba. A jikinta an rubuta da Faransanci: tartrate d'antimoine et de potassium. Ko ba ka iya karanta wannan ba, dubi hoton da ke cikin jan zane. Ƙoƙon kan mutum da ƙasusuwa biyu, guba ke nan. Mataccen kifi kusa da busasshen itace, abin yana kashe halittun ruwa, ba a zubar da shi a kwata ko kusa da rijiya.

Mai aiki da shi yana sa safar hannu ta roba. Ba ya share garinsa da tsintsiya a bushe, don ƙurar tana shiga huhu, sai dai ya goge da jiƙaƙƙen tsumma ya sa cikin mazubin guba. Ba a cin goro a ɗakin, ba a shan shayi, ba a shan taba. In an gama, a wanke hannu da sabulu kafin a taɓa abinci. Kada a ɗanɗana farin gari don a gane shi. Gishirin amai yana da ɗan zaƙi a baki, yaro ba zai tofar ba.

Sai maganar kwalba. Kwalbar ɗakin awo tana da kyau, tana da murfi mai ƙarfi, mutum ya ga ta dace da man gyaɗa ko nonon yaro. Kada a kai ta gida, ko an ɗauraye. Haka ma bidon maganin ƙwari na gona.

In tsautsayi ya sa wani ya haɗiya, alamun su ne ƙuna a maƙogwaro, amai mai tsanani, gudawa, sanyin jiki da bugun zuciya ba daidai ba. Kada a ɗura masa manja ko ruwan gishiri, kada a sa masa yatsa a baki. Aman da yake yi bai fid da gubar duka ba, sauran ta riga ta shiga jini, kuma tana iya taɓa zuciya da hanta bayan kwana 1 ko 2, lokacin da ake zaton ya samu sauƙi. A kai shi likita nan da nan, a tafi da kwalbar, don malaman asibiti su karanta sunan abin da ya sha.